Shafin da Ya Saci Sunan Auta

Jakar ta faɗo a kan teburin yanka da ƙarfin da ya sa almakashi ya yi tsalle.

"Ke ce Auta?"

Auta ta ɗago da sauri, zare a bakinta. Wata dattijuwa ce tsaye a ƙofar shagon, doguwa, da tabarau a kan hanci, irin matan da idan suka kalle ka sai ka fara tuno laifin da ka yi tun kana firamare.

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa, ga kujera..."

"Ban zo zama ba. Ɗauki wannan ki gaya min ko jaka ce."

Tun kafin Auta ta juya ta, hannunta ya gaya mata gaskiya. Roba ce aka shafa wa launi, hannun ya ɓalle gefe guda, zif ya wangale, ga warin gam yana tashi. Amma a jikinta ga tambarinta nan raɗau, allura da zare, da rubutun Ɗinkin Auta a ƙasa.

Ta ɗago ta kalli dattijuwar.

"Mama, wallahi wannan ba aikina ba ne..."

"Sunan wa ke jiki?"

"Nawa ne, amma..."

"Da hannuna na shiga shafinki na intanet, da idona na zaɓa. Ina tsakiyar titi ta watsar min da kaya, ina tsugunne ina tsintar magungunana mutane suna kallo!"

Mai gyaran waya na shagon dama ya leƙo. Mai kitso ta shagon hagu ta leƙo, har da wadda ake wa kitson, kai rabi a tsefe.

"Ɗana ya cika min kunne da ke. Auta mai gaskiya, Auta mai hannu, Auta kaza, Auta kaza. Na ce bari in gwada da kaina ba tare da kowa ya sani ba. To na gani."

Sai a lokacin Auta ta gane fuskar. Dogon hancin nan, girar nan mai haɗewa...

Mahaifiyar saurayinta Injiniya ce!

Matar da ta daɗe tana tsara yadda za ta durƙusa ta gaishe ta, har da kayan da za ta sa ranar. Ga shi sun haɗu tana cikin tsohuwar rigar aiki duk tabon gam.

"Wadda za ta cuci mutum a kan jaka, ban ga abin da zai hana ta cutar ɗana a gida ba. Ki fita harkarsa."

Ta juya ta fice, ta bar Auta riƙe da jakar da ba ta taɓa gani ba a rayuwarta.

*

Ita Auta ba ta gaji gida ko gona ba. Abin da ta gada sana'a ce da suna. Babanta tsohon baduku ne, a gindinsa ta koyi yankan fata da riƙon basilla tun hannunta bai kai ya zagaye ta ba. Da idonsa ya fara dushewa shi ya miƙa mata kayan aikin, shi kuma ya raɗa wa shagon suna. Ya ce mata fata tana ƙarewa a sayo wata, amma sunan nan guda ɗaya ne, ta riƙe shi da kyau.

Injiniya kuwa a kan aiki suka haɗu. Shi ya gina mata shafin da take sayar da jakunkunanta, shi ya matsa mata ta yi wa tambarinta rajista. Aikin da ya kamata ya ƙare tun tuni sai ya ƙi ƙarewa. Kullum da abin da ya manta bai gyara ba. Har mai kitso ta gane cewa ba shafin ne ke buƙatar gyara ba.

Bayan tafiyar dattijuwar, da Auta ta kira shi ko magana ba ta iya yi ba sai kuka. Kafin ta share hawaye ya iso, kwamfutarsa a hammata.

"Autata, kalle ni. Waye ya taɓa min ke?"

"Mamanka..."

Ya tsaya cak. Da ta gama ba shi labari ya juya jakar sama da ƙasa, ya buɗe kwamfuta ya fara latse-latse. Can sai ya yi salati.

"Zo ki gani."

Shafinta ne. Launinta, tambarinta, jakunkunanta a jere, har da teburin nan na Baba mai tsagi a gefe da take ɗaukar hoto a kai.

"To ai nawa ne," ta ce.

"Dubi adireshin da ke sama. Naki dinkinauta ne a haɗe. Wannan dinkin-auta ne, an sa ɗan layi a tsakiya. Wani ne ya yi rajistar sunan, ya kwaikwayi komai naki, yana tura wa mutane tarkace da sunanki."

"Ɗan layin nan kawai?"

"Shi kaɗai."

Ta zauna daɓas a kan kujerar keken ɗinki. Yanzu ta gane saƙonnin zagin da suka fara shigo mata, waɗanda ta ɗauka hassada ce kawai. Yanzu ta gane dalilin da ciniki ya ja baya.

"Waye shi? Me na yi masa?"

"Ya ɓoye sunansa. Amma akwai kwamitin da ke sauraron rikicin sunayen shafuka. Idan muka kai ƙara dole kamfanin rajista ya bayyana shi. Abu uku za mu nuna musu: sunan ya yi kama da naki har yana ruɗa mutane, mai shi ba shi da haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya yi. Idan suka gamsu, su ƙwace su ba ki."

"Mama fa?"

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ciki ba.

"Mama shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, masoyiyata. Ba ta karɓar uzuri, sai hujja. Za mu kai mata hujja."

*

Ranar da amsar kamfanin rajista ta zo, Injiniya ya karanta sunan ya sake karantawa, ya cire hula ya shafa kai.

'Yar Kwalisa ce.

'Yar aminiyar Mama, mai ƙaton kantin jakunkuna da takalma a babban titi, wadda tun suna yara take kiransa "Yayana" da wata irin murya kamar ana narkar da sukari. Mama ta sha yi masa tayin ta, shi kuma ya sha zillewa.

Da kansa ya kai wa Mama labarin, yana zaton magana ta ƙare. Ina! 'Yar Kwalisa ta riga shi. Ta je ta zube a gaban Mama tana sharɓar kuka, wai ita ma auta ce a gidansu, wai tun kafin ta buɗe shafi take amfani da sunan a kantinta, wai hotunan duka nata ne yarinyar can ta sace. Jakar robar kuwa wai ai daga shafin waccan yarinyar ta fito.

Ita kuma Mama, ko za a yi mata me, ba za ta iya tuna ko ta sa ɗan layin nan ba ranar da ta yi sayayya. Ga yarinyar da ta goya a bayanta, ga wadda ta gani sau ɗaya da rigar gam. Ba sai an faɗi wadda ta zaɓa ba.

Ana haka sai ga 'Yar Kwalisa da kanta a shagon Auta. Turarenta ya riga ta shigowa. Ta kalli kujera ta ƙi zama.

"Ashe nan ne kamfanin," ta ce tana yatsina.

"Me na yi miki?" Auta ta tambaya. "Kina da kanti, kina da komai. Ni sunan nan kaɗai gare ni."

"To ai shi ya sa na zo, 'yar uwa. Yau ɗin nan zan iya rufe shafin, in ma kina so in ba ki shi kyauta."

"Sai me?"

"Sai ki bar min Yayana."

Auta ta ajiye basillar da ke hannunta a hankali, don ba ta yarda da hannun ba a lokacin.

"Ba kaya ba ne da zan miƙa miki shi."

"To mu haɗu gaban kwamiti. Ina da lauya, ina da shaidu, Mama ma tawa ce. Ke wa gare ki? Tsohon da ko gabansa ba ya gani?"

"Fita!"

Ta fita tana dariya. Ba wanda ya ji maganar sai su biyu, kuma duk sun san haka.

*

Shari'a na matsowa, abubuwa na ƙara cakuɗewa. Tsohuwar wayar da Auta ta ɗauki yawancin hotunan da ita ta daɗe da mutuwa. 'Yar Kwalisa kuwa har ta sa an rubuta mata allon kanti da sunan, aka shafa masa ƙura ya zama kamar tsoho. Injiniya ya duƙufa a kan takardun ƙara, ya rame, don a gida Mama ta daina amsa gaisuwarsa sai da ka.

Wata safiya Auta ta lura hoton wata jakarta mai ruwan ƙasa ya yi duhu a shafi. Ta ɗauki sabo a bakin taga, ta cire tsohon ta ɗora shi a gurbinsa. Sai zuciya ta ce mata ta leƙa shafin ɓarauniyar, abin da ya zame mata ciwo kullum sai ta taɓa.

Ta leƙa.

Sabon hoton yana can.

Hoton da ko minti ɗaya bai yi ba da ɗorawa! Har da inuwar hannunta a gefe.

Mutum biyu ne kawai a duniya suke da kalmar sirrin shafinta. Ita ɗaya.

Da Injiniya ya shigo da rana da fara'arsa, bai samu ko sannu ba. Ta juya masa wayar.

"Ka bayyana min wannan."

Ya duba ya ɗaure fuska. "Yaushe kika ɗora?"

"Ko minti ɗaya ban yi da ɗorawa ba ya fito a nata, kai za ka gaya min! Ni da kai ne ke shiga shafin nan. Wa ke miƙa mata kayana tun da zafinsu?"

"Auta... me kike nufi?"

"Ƙanwarka ce ai! Tare kuka tashi. Mama na sonta. Wataƙila ka gaji da faɗa da gida, ka ga hanya mafi sauƙi ita ce sunana ya ɓaci kowa ya huta!"

Ya kalle ta. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ni? Ni kike faɗa wa haka?"

Ta kawar da kai.

"Mahaifiyata ba ta yi min magana saboda ke. Na ɗauka ko duniya ta juya min baya ke kin san ni." Ya ɗauki kwamfutarsa. "Ki canza kalmar sirrin. Allah ya ba ki sa'a."

Yana fita ta kifa kai a kan keke ta fashe da kuka. Ta canza kalmar sirrin kuwa, tana yi tana hawaye.

A gida Baba yana zaune a tsakar gida yana shafa wa wata fata mai, aikin da hannu ke yi ba sai da ido ba. Daga jin takunta ya san ba lafiya. Ta zauna a gefensa ta zayyana masa komai.

"Kin gan shi ya ba ta?"

"A'a, Baba."

"Wani ya ce miki ya gani?"

"A'a..."

"To Auta, me ya bambanta ki da uwarsa? Ita ma tambari ta gani a jikin jaka ta yanke miki hukunci."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta so ta kira shi, kunya ta hana. Ta rubuta saƙo ta goge ya fi a ƙirga.

*

Injiniya ne ya dawo da kansa. Da hantsi ya faɗo shagon ko sallamar kirki babu, rigarsa a yamutse.

"Kin canza kalmar sirrin?"

"Na canza..."

"Madalla. Yanzu ba ni da hanyar shiga, ko? To sake canza hoton jakar nan. Sa ko mene ne."

Ta ɗauki hoton almakashinta ta ɗora a gurbin jakar. Ya buɗe shafin 'Yar Kwalisa ya miƙa mata.

Ga almakashi nan zaune a tsakiyar jakunkuna.

"Na tafi da fushi," ya ce yana haki, "amma maganarki ta hana ni sakat. Minti ɗaya! Babu ɗan Adam mai wannan saurin. Sai na buɗe cikin shafinta na duba. Autata, wanda ya gina mata shafin malalaci ne na ƙarshe. Bai kwafi hotunan ya ajiye a wajensu ba. Jona shafinta ya yi da naki, yana jawo su kai tsaye. Kamar maƙwabcin da ya saci wuta daga gidanki ne. Abin da kika kunna shi zai gani, in kin kashe ya shiga duhu."

Auta ta toshe baki da hannu biyu. Injiniya guda, da duk karatunsa, sai da aka zarge shi da cin amana sannan ya duba inda ya kamata ya fara dubawa.

"Ka yafe min..." ta ce, hawaye na zuba. "Don Allah ka yafe min. Tsoro ne ya rufe min ido. Na ga komai nawa yana tafiya, sai na ɗauka kai ma..."

"Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba."

"Na sani."

"Amma ko da nake fushin, ke nake tunani. Ina zan je in bar ki, abin ƙaunata?"

Ta yi dariya cikin kuka. Mai kitso da ta kasa kunne ta jikin bango ta ce "Alhamdulillahi!" da ƙarfi, sannan ta tuna ba a san tana ji ba.

"Ba ni kalmar sirrin in toshe mata yanzun nan," in ji shi. "Shafinta ya koma fanko."

Auta ta mayar da hoton jakar gurbinsa da sauri. Ta share fuska, idonta ya bushe.

"A'a. Kada ka taɓa komai. In ka toshe yau, gobe ta gyara ta ce ƙarya muke. Bar ta ta ci gaba da shan wutarmu har ranar."

Ya kalle ta, murmushi ya fara bazuwa a fuskarsa.

"Kai! Allah ya sa kada in taɓa yi miki laifi."

*

Ɗakin kwamitin ba shi da wani girma. Dogon tebur ne, da babban allo a bango, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar tana jin haushin aikinta. A kan gaba shugabar kwamiti ce zaune, mace mai furfura da ƙarancin magana.

'Yar Kwalisa ta shigo da lauyanta, ta ci ado kamar ita za a ba lambar yabo. A bayanta Mama ce, ta zo a matsayin shaida. Ko kallon ɗanta ba ta yi ba.

Amma ba wannan ne ya soki Auta ba. Jakar da ke kafaɗar Mama ce. Baƙar fata mai ɗinki biyu a baki. Ko a mafarki ta san aikinta.

Lauyan ya miƙe ya yi ta zuba. Ga hoton allon kanti, ga shaidar cewa wadda yake karewa ita ce ƙarama a gidansu. Ya nuna jakar Mama ya ce ga irin aikin da take yi, kyauta ta ba wannan baiwar Allah don ta share mata hawayen cutar da aka yi mata.

Wato sayen jakarta aka aika aka yi, aka kai wa Mama da sunan wata. Auta ta cije leɓe.

Shugabar kwamiti ta sa aka buɗe shafukan biyu gefe da gefe a kan allo. Ta kalli 'Yar Kwalisa.

"Hotunan nan iri ɗaya ne. Na waye?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe. Da wayata na ɗauka, a shafina suke ajiye. Ita ke bi tana kwashewa."

"Kin tabbata?"

"Ko yanzu a ba ni abin rantsuwa."

Auta ta miƙe. Muryarta ta fita tar.

"Ranki ya daɗe, ina neman izini in canza hoto ɗaya a nawa shafin. Nawa kawai. Ba zan taɓa nata ba, ba ni ma da hanyar taɓawa."

"Bismillah."

Ta ɗauki hoton kofin shayin shugabar da ke kan tebur, ta ɗora a gurbin jakar farko. A gefen hagu na allon, shafinta, kofi ya bayyana.

"Yanzu a sabunta nata," in ji Auta.

Magatakarda ya latsa.

Kofin shayi ya fito a shafin 'Yar Kwalisa, har da cokalin a ciki.

Lauyan ya juya ya kalli wadda yake karewa da irin kallon da ake wa wanda ya tura ka rami.

"Sharri ne!" ta yi ƙara. "Sun yi min kutse! Yayana ne, ai aikinsa ke nan!"

"Hannuna na kan tebur," in ji Injiniya a natse. "Kuma magatakarda na iya buɗe cikin shafinki ya karanta wa kowa inda hotunan suke fitowa."

Sai aka ji murya daga gefe.

"Ban yarda ba."

Mama ce. Ta gyara tabarau ta miƙe.

"Na yi shekaru ina kama yara da satar amsa, na san abin da ake shiryawa tun daga gida. Wa ya sani ko sun taɓa ganin kofin nan? Ranki ya daɗe, a yi da abin da ni na zaɓa."

Shugabar ta ɓoye murmushi. "Me kika zaɓa?"

"Ni. Ke yarinya, ɗauke ni."

Auta ta ɗaga waya. Mama ta tsaya ƙiƙam, fuska a murtuke. Ita da kanta ta nuna gurbin da za a sa, ta zo ta tsaya a kan magatakarda har ya latsa.

Sai ga Mama a shafin 'Yar Kwalisa, ta haɗe gira tana hararar duniya, a ƙarƙashinta an rubuta: Sabuwar shigowa! Ga kyau ga ƙarko.

Magatakarda ya fara tari. Shugabar kwamiti ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Injiniya kuwa ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta juya a hankali.

"Ke. Dube ni."

"Mama, wallahi..."

"Kada ki ƙara rantsuwa a gabana. Na goya ki a bayana. Kika sayar min da roba, kika bar ni na je na ci mutuncin 'yar mutane a gaban maƙwabtanta, sannan kika jawo ni nan in yi miki shaidar zur?"

'Yar Kwalisa ta fashe da kuka, na gaske wannan karon. "Shi nake so, Mama! Ke ma kin sani! Me ta fi ni da shi?"

Da bakinta ta ƙarasa wa kwamiti abu na ukun da suke nema.

Shugabar ba ta ja zance ba. Ta ce sunan ya yi kama har ya ruɗa mai saye, ga mai sayen ma a tsaye. Wadda ake ƙara ba ta da haƙƙi a kansa, kuma mugun nufi ya bayyana. Za a ƙwace adireshin a miƙa wa mai tambarin.

Auta ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta yi nasara! Sunanta ya dawo!

A baranda Mama ta tsayar da ita. Ta sauke jakar daga kafaɗa tana shafa ɗinkin da yatsa.

"Wannan da nake ta nuna wa ƙawayena ina yabo... wa ya yi ta?"

Auta ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Baba ne ya gyara fatar, Mama. Ni na ɗinka."

Mama ta matso kusa da ita. Macen da ba a taɓa jin ta ba wa kowa haƙuri ba ta kamo hannun Auta ta ɗaga ta tsaye.

"Na zalunce ki, 'yata. Ki yafe min."

"Haba Mama, ba komai wallahi..."

"Da komai. Ni na san da komai." Ta juya ga ɗanta, muryar shugabar makaranta ta dawo. "Kai kuma ka tsaya kana washe baki. Yaushe za ka kai kawunanka wajen mahaifinta? Ko sai wani ya yi maka irin ta shafin, ya riga ka rajista?"

"Gobe ma in kin ce, Mama!"

"Kuma a cire min hotona daga can kafin wani ya ce a aiko masa."

*

Da adireshin ya dawo hannunta, Injiniya ya tambaye ta me za a yi da shi. A rufe?

Ta ce a'a. A haɗa shi da nata, duk wanda ya rubuta shi ya faɗo shagonta na gaskiya. A saman shafin kuma, bisa umarnin Mama, aka ɗora katin gayyatar aurensu.

Da yamma ta kai wa Baba wayar. Ya kawo ta daf da fuskarsa, ya nisanta ta, ya girgiza kai.

"Haske kawai nake gani. Karanta min."

Ta karanta masa. Sunansa ne a farko, a matsayin uban amarya. Ya sa ta maimaita wurin.

"To shi sunan shagon, wanne ne a sama? Mai layin ko marar layin?"

"Duk biyun namu ne yanzu, Baba."

"Ko mutum ya yi kuskure?"

"Ko ya yi kuskure, wajenmu zai zo."

Tsohon ya laluba ya kamo hannunta, ya shafa kantar da basilla ta yi mata a yatsu, irin wadda ke nasa hannun. Hawaye ya gangaro masa, bai damu ya share ba.

"Kin riƙe shi, Auta," ya ce. "Kin riƙe."